Abin da na ɗauka sabawa ce, ashe kunnena ne ke mutuwa

Shekara 11 ke nan rabona da in ji shiru. Ko da tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci kuma babu abin da ke motsi a ɗaki, akwai wata siririyar ƙara a cikin kunnuwana, mai kama da kukan gyare, ta fi ƙarfi a na hagu, kuma ba ta ɗagawa ko na daƙiƙa ɗaya. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Abin da ya sa na zauna rubuta yadda aka yi na kai ga wannan hali shi ne tambayar da wani matashi ya yi mini kwanakin baya, bayan ya ga na'urar da ke maƙale a bayan kunnena. Ya ce shi yana son kiɗa mai ƙarfi, jikinsa ya karɓe shi, ba ya damunsa ko kaɗan, don haka yana ganin ƙara ba za ta yi wa mai sonta illa kamar yadda take yi wa mai ƙinta ba. Na daɗe ina kallonsa kafin in buɗe baki, domin wannan maganar na sha faɗinta da bakina, kuma a kanta na gina shekara 14 na rayuwata.

Ina da shekara 17 na fara bin wani mutum mai bayar da hayar kayan sauti a wuraren taruka. Da ɗaukar lasifika da naɗe wayoyi na fara, daga baya maigidana ya ga ina da kunnen gane inda sauti ya karkace, sai ya zaunar da ni a gaban miksa, wato na'urar haɗawa da daidaita sauti. Ba zan ɓoye ba, na so aikin nan so na gaskiya. Idan na tsaya kusa da manyan lasifikokin ƙasa, amon yana shiga ƙirjina, rigata tana kaɗawa a jikina ba tare da iska ba, ina jin ƙarfi da natsuwar da ba na samu a ko'ina. Yaro ne ni mai kunya, wanda ba ya iya ɗaga murya a gaban mutane, sai ga shi da yatsa ɗaya ina tayar da ɗaruruwan jama'a tsaye.

A cikin sana'armu akwai abin da kowa ya yarda da shi ba tare da an taɓa zama an tattauna ba, wato ƙarfin sauti shi ne martabar mai sauti. Maigidana yakan ce idan ƙirji bai girgiza ba to ba a fara aiki ba, kuma yakan auna nasararmu ne da nisan inda aka jiyo mu. Jama'a ma haka suke so, da zarar an ɗan rage sai ka ga hannuwa suna nuna sama, ana cewa a ƙara. Idan muka tashi daga aiki, kunnuwanmu sukan toshe kamar an cusa auduga, suna ƙugi, muna magana da juna da ihu muna dariya, kuma wannan ƙugin mun ɗauke shi shaida ce ta cewa aiki ya yi kyau. Washegari, ko bayan kwana biyu, sai ya wuce. Tun da yana wucewa, babu wanda ya taɓa sa shi a lissafin cuta. A hanyar komawa gida kuma sai in sanya iyafis in ƙure sautin waya, saboda kunnen da ya riga ya gaji ba ya jin komai sai an ƙure.

A watannin farko ƙarar tana yi mini zafi, har nakan nemi dalilin zagayawa bayan rumfa in huta. Bayan kamar shekara biyu sai zafin ya daina zuwa, na koma ina iya tsayawa a gaban lasifika sa'o'i biyar ko shida ban ji komai ba, ina kuwa alfahari da hakan. Kalmar da ke bakina ita ce "na saba". Sabbin yara idan suka yamutsa fuska sai in ce musu su yi haƙuri, kunne ma kamar tafin hannu yake, yana yin kanta. Mahaifiyata ce ta fara lura da cewa ina ƙure rediyo fiye da kowa a gida, kuma ina magana da ƙarfi ko da mutum yana gabana. Wata rana ta kira ni sau uku daga bayana ban waiga ba, da ta dafa kafaɗata sai ta ce, "Ɗan nan, kunnen nan naka fa ba yadda na san shi yake ba." Na ce, "Umma, ai mu mun saba, aikinmu ne." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce sabo turken wawa ne, ta tashi ta bar ni. Na ji haushin maganar a ranar, kuma na ɗauke ta a matsayin rashin fahimtar tsofaffi game da abin da matasa ke so.

Akwai wani abokin aikina da ya girme ni da shekara uku, wanda shi kaɗai ne a cikinmu yake yawo da matoshin kunne na soso a aljihu. Har yanzu ina ganin yadda yake sanya su. Yakan murza sosan tsakanin yatsu biyu har ya zama siriri, ya kai ɗaya hannun ta bayan kai ya ja kunnen sama, ya tura shi ciki, sannan ya dafe da yatsa yana jira ya kumbura ya cika ramin. Mun mayar da shi abin tsokana, muna kiransa tsoho, muna cewa wanda ke tsoron ruwa me ya kai shi sana'ar kamun kifi. Wani dare, ana tsakiyar aiki, na lallaɓa ta bayansa na zare ɗaya daga kunnensa na jefar, sauran suna shewa. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai, ya ciro wani daga aljihu, ya sake murzawa. Cikin duk abubuwan da na aikata a shekarun nan, wannan yana daga cikin waɗanda suka fi tsaya mini a rai, domin ban tsaya ga cutar da kaina ba, har na nemi in hana wani kare nasa.

Ina da shekara 30 muka yi wani aiki na kwana uku a jere a cikin rufaffen zaure, kuma saboda ƙarancin wuri aka ajiye teburina dab da lasifikokin ɓangaren hagu. Da aka gama, kunnena ya yi ƙugi kamar yadda ya saba, na kwanta da tabbacin cewa zai wuce. Kwana biyu suka wuce, mako ya wuce, wata ya wuce, yana nan. Na ɗauka datti ne, na yi ta ɗiga magunguna ina sakace kunne, babu abin da ya canza. Barci ya gagare ni, raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi muni shi ne, wurin da kawai nake samun sauƙi shi ne wurin aiki, domin ƙarar lasifika tana danne ƙarar da ke cikin kaina. Sai na koma ina neman hayaniya kamar mai neman magani, na ƙara fiye da shekara guda a haka, ina zuba wa wuta mai da hannuna.

'Yata ce ta kai ni asibiti, ba tare da ta sani ba. Tana da shekara huɗu a lokacin, ta hau cinyata wata rana da yamma ta ce za ta gaya mini wani sirri. Ta kama kunnena na hagu da hannuwanta biyu, ta kafa baki ta yi raɗa. Na ji ɗumin numfashinta, na ji leɓɓanta suna motsi, amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Ta ja baya tana murmushi ta ce, "Baba, ka ji?" Na ce na ji. Ta ce, "To me na ce?" Na rasa abin faɗa, na ga murmushin yana gushewa daga fuskarta, domin a tunaninta ban damu da sirrinta ba ne. Matata, wadda ta daɗe tana ƙorafin cewa ina share ta idan tana magana daga wani ɗaki, tana tsaye tana kallonmu. A daren nan ta ce mini, cikin taushin murya, lokaci ya yi da za a duba kunnen nan.

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro aka shigar da ni wani ƙaramin ɗaki mai kauraren bango, aka sanya mini hedifon, aka ba ni maɓalli aka ce in danna duk lokacin da na ji sauti, komai ƙanƙantarsa. Sautuka masu kauri na yi ta jin su ina dannawa. Da aka zo kan sirara sai na riƙa zama shiru na tsawon lokaci, ina ganin ma'aikaciyar ta cikin gilashi tana murɗa na'ura tana dubana, na gane cewa ana kunna wani abu da ba ya isowa gare ni. Likitar ta nuna mini takardar sakamako, layi yana tafiya kusan a miƙe, sai ya faɗa wani rami a daidai sautin da ke girgiza sau 4,000 a daƙiƙa, kuma ramin hagu ya fi zurfi. Ta ce wannan ramin sananne ne, da ganinsa ake zargin ƙara kafin ma a tambayi mutum sana'arsa.

Ta zana mini cikin kunne a bayan takardar. Bayan dodon kunne da 'yan ƙasusuwa uku akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi a kai, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, shi ne toshewar da muke ji bayan aiki, idan kuma aka ci gaba sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke ɗaukar siraran sautuka su ne kan fara lalacewa, shi ya sa haruffa irin su s da f da sh suke ɓacewa, mutum yana jin murya amma kalmomin suna cakuɗewa, musamman a cikin taro, raɗa kuwa kusan gaba ɗaya da irin waɗannan sautuka ake yin ta. Ko a lokacin ban daddara ba, na ce, "Likita, amma ni fa na saba, ƙarar ba ta yi mini zafi." Ta ajiye alƙalami ta ce kunne ba ya yin kanta, abin da ya faru shi ne ƙwayoyin da ya kamata su ji ƙarfin sautin sun ragu, don haka daina jin zafin da nake alfahari da shi yana daga cikin alamomin cutar.

Daga baya na zauna na koyi lissafin da ya kamata in sani tun ranar da na fara taɓa miksa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na tsawon sa'o'i takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel uku yana ninka ƙarfin sautin, don haka yana raba lokacin gida biyu. A 88 sa'o'i huɗu ne, a 91 sa'o'i biyu, a 94 sa'a ɗaya, idan aka kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. Na koma wurin tsofaffin abokan aikina da manhajar auna sauti a wayata, na tsaya inda na saba tsayawa, na ga lambar tana wasa a sama da 100. A nan nake shafe sa'o'i biyar zuwa shida, sau uku ko huɗu a mako, shekara da shekaru. Wucewar ƙugin da muke dogaro da ita ma ba tabbaci ba ce. A shekarar 2009 masu bincike biyu, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa bayan ƙara mai tsanani ji yana iya dawowa daidai a gwaji, alhali mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin gashin da jijiya da yawa sun riga sun tsinke.

A kan tambayar matashin nan, abin da na gani da idona ya kasu gida biyu, kuma dole a riƙe su tare. A layin jiran likita na haɗu da wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a cikin injuna. Ya ce mini tun ranar farko ya tsani ƙarar wurin, kullum da ciwon kai yake komawa gida, amma ba a taɓa ba su abin kare kunne ba, shi kuma ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa. Muka haɗa takardunmu, ramin da ke tasa da wanda ke tawa kamar an kwafa. Shi ya ƙi ƙara, ni na so ta, kunnuwanmu kuwa ba su tambayi ra'ayin kowa a cikinmu ba. Ƙwayoyin nan ba su san bambanci tsakanin waƙar da ka fi so da kukan inji ba, abin da suka sani shi ne ƙarfin sautin da tsawon lokacin da ya ɗauka yana dukansu.

Duk da haka, ra'ayina ne ya kurumtar da ni. Shi ne ya sa nake matsawa kusa da lasifika alhali akwai wurin tsayawa a nesa, shi ne ya sa nake ƙure iyafis a lokacin da kunnena ke buƙatar hutu, shi ne ya sa na ɗauki sosan abokina abin kunya, kuma shi ne ya sa na fassara kowane gargaɗi, daga ƙugi har maganar mahaifiyata, a matsayin abin da bai shafe ni ba. Dattijon nan ba shi da zaɓi, ni ina da shi a kowane dare. Masu bincike a ƙasar Suwidin, Widén da Erlandsson, sun tsara ma'aunin tambayoyi don gane yadda matasa ke kallon hayaniya, kuma sun ga cewa waɗanda ke ɗaukar ƙara a matsayin abu mai kyau ko na yau da kullum su ne suka fi ƙarancin amfani da abin kare kunne, yayin da waɗanda suka riga suka ɗanɗani ƙugin kunne suka fi kiyayewa. Da na ci karo da wannan sai na ga labarina ne a taƙaice, mutum ba ya canza ra'ayi sai bayan kunnen ya biya kuɗin darasin. Abokina mai soso ya yi gwaji bayan na ba shi labari, jinsa ya ɗan taɓu kaɗan, amma yana jin raɗar 'ya'yansa. Gaskiya ne kuma cewa akwai wani a cikinmu da ya yi ganganci irin nawa amma lalacewar tasa ba ta kai tawa ba, domin kunnuwan mutane ba ƙarfinsu ɗaya ba. Irinsa ne ake nuna wa yara a ce ga wane nan lafiyarsa ƙalau, ana mantawa da mu da muka daina zuwa wurin.

Akwai nauyin da ya fi na kunnena, wanda nake ɗauke da shi. Maɓallin sautin a hannuna yake, kuma dubban mutanen da suka zauna a gabana ba su zaɓi ƙarfin da na ba su ba. Ina tuna mata masu goyo da aka ajiye wa kujeru a gaban lasifika saboda nan ne akwai wuri, da yara ƙanana da ke toshe kunne da tafin hannu, ina ganinsu ina ƙara murɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren kiɗa a waya da wuraren nishaɗi. A shekarar 2022 ta fitar da ƙa'idar wuraren taruka, wadda ta ce matsakaicin sauti kada ya wuce desibel 100 idan aka auna na minti 15, a riƙa sa ido a kan ma'aunin, a samar wa jama'a matoshin kunne, a kuma ware wurin da babu hayaniya don hutawa. Da na karanta sai na ga babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin maigidana ko ya fi ƙarfina. Abin da ya hana mu shi ne mun yi imani cewa rage sauti rage daraja ne.

Na bar aikin taruka, yanzu gyaran kayan sauti nake yi a ɗaki mai natsuwa. Na'urar taimaka wa ji ta dawo mini da abubuwa da yawa, alhamdu lillahi, ina jin 'yata idan tana gabana, amma ba ta mayar da kunnen yadda yake ba, kuma a cikin taro har yanzu bakin mutum nake kallo. Wani abin da ban zata ba shi ne, ƙarar da nake nema a da ita ce yanzu ke sukata kamar allura, faɗuwar murfin ƙarfe a ƙasa tana iya sa ni runtse ido. Da dare nakan bar fanka tana juyawa don ta ɗan rufe kukan gyaren. Kiɗa kuwa ban daina sonsa ba, ina saurarensa a ƙasa-ƙasa, ina bin shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar game da wayoyi, wato desibel 80 na abin da bai wuce sa'o'i 40 a mako ba ga babban mutum, kuma akwai siraran kayan kiɗa a cikin waƙoƙin da na haddace waɗanda na san suna nan amma ba na jin su.

Ban yi wa matashin nan doguwar magana ba. Na tambaye shi ko kunnensa yana ƙugi idan ya cire iyafis ko ya dawo daga wurin wasa. Ya ce eh, wani lokaci har zuwa safiya, amma yana wucewa. Na ce masa nawa ma ya yi shekara 13 yana wucewa. Na ciro matoshin soso guda biyu daga aljihuna, domin yanzu ni ma ba na rabuwa da su, na murza ɗaya tsakanin yatsuna kamar yadda na ga abokina yana yi, na nuna masa yadda ake jan kunne sama kafin a tura. Ya gwada a kunnen dama, ya dafe da yatsa yana jira ya kumbura, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, a ina aka yi maka gwajin nan?"